Baƙar waya ba matacciya ba ce: Bayani kan birekar da ke yanke nutural da wuraren da ake buƙatarta

Daga Kwanar Dangora a Ƙaramar Hukumar Kiru, inda hanyar Tudun Wada da Doguwa ta rabu da babban titin Kano zuwa Zariya, har zuwa bakin dajin Falgore, da wuya a samu shago mai firiji ko gidan mai ko wurin casar shinkafa da ya dogara ga wuta iri guda. Akwai ta kamfanin KEDCO idan an kawo, akwai janareta a bayan shago, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farantan sola suka yawaita a kan rufi. Duhun da ya lulluɓe akasarin Arewa fiye da mako guda a watan Oktoban 2024, bayan lalacewar manyan layukan dakon wuta, ya ƙara tura masu hali neman mafita ta kansu. Ko a Bebeji, inda madatsar ruwa ta Tiga take tun 1974 tare da tashar megawat 10 da gwamnatin jihar ta gina a jikinta, labarin bai canza ba.

Wayoyin waɗannan hanyoyi biyu ko uku suna haɗuwa ne a cikin ƙaramin akwati guda a jikin bango, wanda mafi yawan masu gida ba su taɓa buɗe shi ba. A cikin wannan akwati akwai tambayar da ta cancanci a yi wa duk mai gyaran wuta kafin a biya shi ladan aikinsa: idan aka kashe bireka, waya nawa ta yanke?

Wayoyi uku, ayyuka uku

Wutar gida tana tafiya ne a da'ira. Tana shigowa ta waya ɗaya, wadda masu sana'a ke kira layif, ta ratsa fanka ko dutsen guga ta yi aikinta, sannan ta koma taransifoma ta waya ta biyu, wato nutural. Waya ta uku ita ce ta ƙasa, da ake cewa atin. Ba ta ɗaukar komai a zaman lafiya, sai ranar da wuta ta ɓalle ta hau jikin ƙarfen firiji ko na injin, sai ta kwashe ta.

A tsarin Najeriya, tsakanin layif da nutural akwai kimanin bolt 230, tsakanin layif biyu na layi uku kuwa kimanin bolt 400. An ɗaure nutural da ƙasa a gindin taransifoma, shi ya sa idan komai yana daidai mutum zai iya taɓa ta wuta ba ta ja shi ba. Daga nan ne aka samu fahimtar da ta yaɗu a tsakanin jama'a, har da wasu masu wayarin, cewa baƙar waya matacciya ce. Gaskiyar ita ce duk adadin wutar da ya shigo ta jar waya, shi ne yake fita ta baƙa. Lafiyarta ta rataya ne ga abubuwa biyu: cewa ba ta tsinke ba tsakanin gida da taransifoma, da cewa ita ce ainihin nutural ɗin, ba a juya ta ba.

Birekar da aka fi sani, mai hannu ɗaya da aka rubuta wa 1P, layif kaɗai take yankewa. Baƙar waya tana wucewa ta gefenta zuwa wani ƙarfe da aka tara dukan nutural na gidan a kai. Matuƙar waɗancan sharuɗɗa biyu suna nan, wannan ya wadatar. Matsalar ita ce sau nawa suke rushewa.

Yadda baƙar waya ke komawa mai ja

Hanya ta farko ita ce juyewar wayoyi. A garuruwa da dama, idan layi ɗaya ya ɗauke ko ya yi rauni, sai a nemi wani ya hau falwaya ya mayar da gida kan wani layin. Aiki ne da doka ta hana, amma ana yin sa, sau da yawa da almuru, kuma wayoyin almini da ke saukowa gida duk kamarsu ɗaya. Idan aka ɗaura su a juye, babu abin da zai nuna. Ƙwai zai kama, fanka za ta juya, talabijin za ta yi aiki, domin su ba ruwansu da ta inda wutar ta shigo. Amma daga ranar, bireka mai hannu ɗaya nutural take yankewa, ta bar layif a haɗe. Mai gida zai kashe ta, ya ga ɗaki ya yi duhu, ya sa hannu cikin soket yana ganin ya tsira, alhali bolt 230 na jiran sa.

Launin waya ma ba abin dogaro ba ne kamar da. A tsohon tsari da aka gada daga Ingila, layuka uku su ne ja da rawaya da shuɗi, nutural kuma baƙa. Ingila ta koma tsarin Turai tsakanin 2004 da 2006, inda shuɗiya ta zama nutural, baƙa kuma ta zama ɗaya daga cikin layuka masu wuta. Wayoyin tsarin biyu duk suna kasuwa. Ginin da aka yi wa wayarin shekara ashirin da suka wuce, aka zo aka ƙara masa sola bana, yana iya ƙunsar shuɗiyar waya mai kisa da shuɗiyar waya marar kisa a akwati guda.

Hanya ta biyu ta fi ɓarna, ita ce tsinkewar nutural a waje. Iskar damina a wannan yanki na kudancin Kano mai yawan ruwan sama da itatuwa tana iya katse ta. Mahaɗar da aka murɗe almini da tagulla tana cin kanta a hankali har ta saki. Ga kuma ɓarayin kayan taransifoma, waɗanda KEDCO ya sha kokawa a kansu, da ke yanke wayoyin tagulla na nutural da na atin su bar sauran suna aiki.

Abin da ke biyo baya lissafi ne mai sauƙi. A ɗauka gidaje biyu ne a kan layuka daban-daban, nutural ɗinsu ɗaya, ta kuma tsinke kafin ta kai taransifoma. Wutar da ta shiga gida na farko ba ta da hanyar komawa sai ta gida na biyu, don haka gidajen biyu sun zama a jere suna raba bolt 400 a tsakaninsu. Rabon kuwa ba na adalci ba ne. Idan gida na farko ya kunna dutsen guga mai wat 1,000, na biyu kuma ƙwai da cajar waya da talabijin da ba su wuce wat 100 ba, gida na biyu zai samu kusan bolt 360, na farko ya tashi da ƙasa da 40. Wannan shi ne abin da jama'a ke cewa an kawo wuta mai ƙarfi, ranar da ƙwayaye ke fashewa a wani gida yayin da na maƙwabci ke ci kamar aci-bal-bal. A irin wannan yanayi ita kanta baƙar wayar tana ɗauke da bolt masu yawa idan aka gwada ta da ƙasa, kuma kashe bireka mai hannu ɗaya ba ya raba gidan da ita.

Bambancin da ke rubuce a goshin bireka

Birekar da ke yanke nutural tana da bakin shiga biyu da na fita biyu, hannunta kuma a haɗe yake, ta yadda ba za a iya kashe ɗaya a bar ɗaya ba. Iri biyu ne a wutar layi ɗaya, kuma masu shago kan sayar da su da suna guda ko da yake ba ɗaya ba ne.

Wadda aka rubuta wa 1P+N tana auna yawan wuta a ɓangaren layif kaɗai. Idan ta faɗi sai ta ja nutural su buɗe tare. Ɓangaren nutural yana da alamar N, kuma dole baƙar waya ta shiga nan. Wadda aka rubuta wa 2P kuwa tana auna ɓangarorin biyu. Ta fi tsada, ta fi cin wuri, amma ita ce ba ta damu da ko an juya wayoyi a falwaya ba, domin kowace waya ce mai wutar, akwai ido a kanta. A garin da ake yawan sauya layi, wannan bambanci ya fi ƙarfin 'yan kuɗin da ke tsakaninsu. A wutar layi uku, takwarorinsu su ne 3P+N da 4P.

Akwai ƙa'ida guda da ta haɗa su duka, wadda ke cikin dokokin wayarin na duniya na IEC 60364 da na Ingila BS 7671: ba a yanke nutural kafin layif, ba a kuma mayar da ita bayan layif. Ko dai su motsa tare, ko nutural ta zama ta ƙarshe wajen fita, ta farko wajen dawowa. Dalilin shi ne lissafin gidaje biyun nan. Ko na ƙiftawar ido nutural ta buɗe alhali layuka uku na haɗe, kayan da ke ciki za su ɗanɗani bolt ɗin da ba a ƙera su dominsa ba. Shi ya sa jera bireka huɗu masu hannu ɗaya-ɗaya a ce an yi 4P ganganci ne, haka ma sa fis a kan nutural. Ranar da fis ɗin ya ƙone, fitilu za su mutu, amma kowace waya a gidan tana nan da wutarta.

Inda janareta da sola suka shigo

A nan ne batun ya fi shafar ɗan kasuwa. Makunnin sauya layi, wanda ake kira canji-oba, aikinsa shi ne ya tabbatar da cewa wutar kamfani da ta janareta ba su taɓa haɗuwa ba. Sai dai ana samun mai wayarin da zai bi da layif kaɗai ta cikinsa, ya murɗe nutural ta kamfani da ta janareta da ta inbata wuri guda, da hujjar cewa ai nutural duk ɗaya ce. A manyan wurare kuma, sai a sayi canji-oba mai baki uku maimakon mai huɗu don a rage kuɗi.

Illar ba ta fitowa a ranar da aka yi aikin. Tana jiran ranar da nutural ta waje ta tsinke ko aka juya wayoyi. A ranar, shagon da ya koma kan janareta, wanda mai shi ke ganin ya rabu da kamfani sarai, yana nan ɗaure da layin waje ta baƙar waya, kuma duk abin da ya hau ta zai shigo har cikin janareta da inbata. Inbata mai tsada, wadda ɗan kasuwa ya tara kuɗin shekara ya saya, tana iya ƙonewa ta wannan ƙofa alhali hannun canji-oba na ɓangaren da ya dace.

Ƙananan janaretoci suna da nasu halin. Da yawa daga cikinsu ba a ɗaure ko ɗaya daga bakin wutarsu biyu da jikin injin ba, saboda haka babu wanda za a kira nutural na haƙiƙa a cikinsu. Testa kan kama a duka biyun. Bireka mai hannu ɗaya a kan irin wannan wuta rabin aiki take yi.

Amma raba nutural yana zuwa da wani nauyi da ake yawan mantawa. Da zarar canji-oba ya yanke ta kamfani, gidan ya rabu da ɗaurin da aka yi mata da ƙasa a gindin taransifoma. Dole ke nan janareta ko inbata su samu nasu ɗaurin, wato a haɗa nutural ɗinsu da atin a wuri guda tak, a ɓangarensu na canji-oba, tare da sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa yadda ya kamata. Wasu inbatoci suna yin wannan haɗi da kansu idan sun koma kan batir, wasu ba sa yi, kuma littafin da ke zuwa a kwali ne kaɗai zai faɗa. In ba a yi ba, na'urar da ke kare mutum daga jan wuta ba za ta yi aiki yadda aka tsara ta ba.

Wannan na'ura, mai alamar RCCB ko RCBO da ɗan maɓallin gwaji a goshinta, ta cancanci a tsaya a kanta, domin ana yawan ɗaukar bireka a matsayinta. Bireka waya take karewa daga zafi da gobara. Mai lamba 20 ba za ta motsa ba sai wutar ta haura amfiya 20, alhali abin da ke ratsa jikin mutum mai jiƙaƙƙen hannu ya tsayar masa da zuciya bai kai rubu'in amfiya ɗaya ba. Ita kuwa RCCB tana kwatanta abin da ya shiga ta layif da abin da ya dawo ta nutural ne. Idan aka samu giɓin da ya kai miliamfiya 30, wato kashi 30 cikin 1,000 na amfiya, sai ta ɗauka wutar ta bi ta jikin wani ta faɗi nan take. Don haka dole wayoyin biyu su ratsa ta. A gidan da aka cakuɗa nutural na hanyoyi daban-daban, lissafinta ba ya daidaita, sai ta riƙa faɗuwa ba dalili. Abin da ke faruwa bayan haka sananne ne: mai gida ya gaji, ya kira yaro ya cire ta ya haɗa wayoyin kai-tsaye. An magance ƙorafi, an kuma cire abu ɗaya tilo da ke tsakanin yaran gidan da firijin da ke ja.

Gidan mai, asibiti da ofis

Akwai wuraren da yanke nutural ya wuce zaɓi. Gidan mai ne kan gaba. A Amurka, dokar wayarin ta ƙasa ta wajabta cewa duk layin da ke zuwa famfon sayar da fetur a samar masa makunnin da zai yanke dukan wayoyinsa lokaci guda, har da nutural, kuma kamfanoni suna ƙera bireka ta musamman saboda wannan. Hikimar a fili take. Ko da babu laifi a ko'ina, baƙar wayar da ke ɗauke da kaya tana iya samun 'yan bolt sama da ƙasa, kuma waɗannan 'yan bolt sun isa su ba da tartsatsi idan makaniki ya kwance ta ta goga jikin ƙarfe. A cikin falo, tartsatsin ba komai ba ne. A gindin famfon da tururin fetur ya taru, labari ne daban. Gidajen man da suka jeru a Kwanar Dangora da kan hanyar Tudun Wada, waɗanda ke yini suna sauyawa tsakanin janareta da sola da wutar kamfani, su ne suka fi kowa buƙatar a duba musu wannan.

Babban makunnin gida shi ne na biyu. Dokar BS 7671 ta tanadi cewa babban makunnin gida mai layi ɗaya, wanda mutumin da ba ma'aikacin wuta ba zai riƙa taɓawa, ya yanke wayoyin biyu. Ta kuma buƙaci a iya raba nutural a ginin da ya dogara ga sandar atin ta kansa maimakon atin daga kamfani. Daga nan sai wuraren ruwa, kamar hita ta banɗaki da samo na rijiyar burtsatse, inda mai gyara ke aiki ƙafarsa a cikin danshi.

Ma'aikacin gwamnati da ke kula da sakatariyar ƙaramar hukuma ko cibiyar lafiya ko ɗakin kwamfuta na makaranta yana da ƙarin dalili. A ginin layi uku da aka raba kaya daidai, ana sa ran nutural ta ɗauki kaɗan, domin layukan suna soke juna. Kwamfutoci da ƙwayayen zamani da cajoji ba sa jan wuta sumul, kuma wani kaso na abin da suke ja yana taruwa a nutural maimakon ya soke. Tana iya yin zafi alhali babu layin da ya wuce ƙima. Bireka 4P mai auna nutural ce ke ganin wannan.

Inda ba ta da amfani, da inda take da haɗari

Ba kowane wuri ne ke buƙatarta ba. Motar injin casar shinkafa ko ta niƙa mai layi uku ba ta amfani da nutural sam, don haka 3P ta ishe ta. Abin da irin wannan inji ya fi buƙata shi ne na'urar da za ta tsayar da shi idan layi ɗaya ya ɗauke, domin ci gaba da juyawa a kan layi biyu shi ke ƙona nadi. Haka nan a gidan da aka tabbatar da wayoyinsa, aka sa 2P a matsayin babban makunni, babu laifi ƙananan layukan ɗakuna su zauna a kan 1P.

Wayar atin ba a sa mata makunni ko bireka ko fis a kowane hali. Akwai kuma tsarin da nutural da atin ke zuwa a waya guda daga kamfani, sai a bakin mita a raba su. Kafin wurin rabuwar, yanke wannan waya yanke atin ne, kuma doka ta hana. A bayan wurin rabuwar ne kaɗai bireka mai yanke nutural ke da gurbi. Wayoyin da ke saukowa daga farantan sola kuma wata irin wuta ce, mai tafiya hanya ɗaya, wadda tartsatsinta ba ya mutuwa da sauƙi. Suna da birekarsu mai alamar DC, kuma ta gida ba ta maye gurbinta ko da hannu biyu gare ta.

Wani abin da mai saye ya kamata ya sani shi ne, 2P ko 4P ba ta faɗuwa da kanta don bolt ya hau. Yawan wutar da ke gudana take aunawa, ba ƙarfinta ba. Ranar da nutural ta tsinke a waje, za ta raba gidan da layin gaba ɗaya idan aka kashe ta da hannu, amma ba za ta riga talabijin sanin abin da ke faruwa ba. Wannan aikin na'urar tsaron bolt ne, mai ɗan allo da ke nuna lamba, wadda ke yanke wuta idan ta haura ko ta gaza iyakar da aka sa mata. Ita da 2P da RCCB kowace da aikinta, ba a sayen ɗaya a ce an huta da sauran.

Hukumar NERC ta fitar da ƙa'idojin wayarin na ƙasa a 2015, a shekarar ce kuma aka yi dokar kafa NEMSA, hukumar da ke duba ayyukan lantarki da ba masu wayarin takardar shaida. Mai gida yana da damar ya nemi ganin wannan takarda. Yana kuma iya neman a yi masa gwaji uku a gabansa, da mitar gwaji ba da testa kaɗai ba: a nuna masa cewa wayar da ke shiga bakin N ita ce nutural ta gaske, a mayar da canji-oba kan janareta a nuna masa cewa babu sauran haɗi tsakanin baƙar wayar gida da ta waje, sannan a danna maɓallin gwajin RCCB sau uku, a kan wutar kamfani, a kan janareta da kuma a kan inbata. Gwaji na farko sai an maimaita shi duk lokacin da wani ya taɓa wayoyin gidan a kan falwaya.